GRA Ta Gombe: Daga Barikin Turawa Zuwa Cunkoson Motoci

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. Duk wanda ya bi ta GRA ta Gombe da hantsi, ya ga motoci jere a bakin titi, 'yan acaɓa da masu Keke Napep na kutsawa tsakaninsu, yara 'yan makaranta kuma na tafiya a kan kwalta don an tare musu gefen hanya, zai so ya san yadda unguwar da aka tsara domin sarari da shiru ta koma haka. Amsar tana cikin tarihin garin, kuma shi ne abin da za mu waiwaya a wannan maƙala.

Modibbo Bubayero ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, hedikwatarta kuwa Gombe Abba ce. Bayan Turawa sun ci ƙasar, sai suka mayar da hedikwatar Nafaɗa a 1913, daga bisani suka dawo da ita Gombe Doma a 1919. Wato garin da muke ciki yau ya girma ne a ƙarƙashin tsarin Turawa tun daga tushe. A wancan lokaci dokar tsara garuruwa ta 1917, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Lugga, ta raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Ƙa'idarsu ita ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin ɓangarorin biyu, wai don gudun sauro da zazzaɓi. Wannan tunani ne ya haifi unguwannin da muke kira GRA a Arewa: filaye masu faɗi, itatuwa, gidaje tsilli-tsilli, da tituna ƙanana da suka ishi Di'o da 'yan ma'aikatansa. Mota kuwa a cikin gida take kwana, a cikin gida take wuni, saboda haka ba wanda ya yi tunanin tanadar mata wuri a waje.

Sannu a hankali gari ya bunƙasa. Cinikin auduga da gyaɗa ya jawo baƙi, layin dogo da aka shimfiɗa daga Kuru zuwa Maiduguri, wanda aka kammala a 1964, ya ratsa Gombe, ga kuma hanyoyin Bauchi da Biu da Dukku da Yola duk sun haɗu a nan. Amma babban sauyi ya zo ne ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi. Dare ɗaya hedikwatar ƙaramar hukuma ta zama babban birnin jiha. Ma'aikatu suna buƙatar ofisoshi, ma'aikata sun taso daga Bauchi suna neman muhalli, kuma babu inda ya fi GRA dacewa. Gidajen kwana suka koma ofisoshi, wasu suka zama makarantu masu zaman kansu da asibitoci da masaukan baƙi. Gidan da aka gina domin iyali guda da mota ɗaya, yanzu jama'a ke zuwa cikinsa safe da yamma, alhali faɗin titin da ke gabansa bai ƙaru ba. Hare-haren bam da aka kai tashoshin motar Gombe a 2014 sun ƙara sa masu gine-gine ɗari-ɗari da motar baƙo, sai bakin titi ya zama ma'ajiyar kowa.

To, wa ke da alhakin gyara? A nan ne gizo ke saƙa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da tashoshin mota da kasuwanni da raɗa wa tituna suna. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. Ke nan ƙaramar hukuma na karɓar kuɗin tasha, amma ba ita ke da ta cewa a kan wanda zai mayar da gida makaranta ba. Bugu da ƙari, birnin ya riga ya tsallaka iyakar Ƙaramar Hukumar Gombe ya shiga ƙasar Akko, kamar yadda muke gani a Tumfure, ta yadda matsala ɗaya ta zama ta hukumomi uku.

A ganinmu, tarihin ya nuna cewa GRA ta canza aiki, tsarinta ne bai canza ba. Ya kamata duk mai neman izinin mayar da gida wurin kasuwanci ya fara nuna inda baƙinsa za su ajiye mota a cikin filinsa, a kuma keɓe wa masu tafiya a ƙasa hanyarsu. Filayen GRA suna da faɗin da zai ɗauki wannan, muddin aka yi shi kafin a gama yanka su ƙanana-ƙanana ana sayarwa.