Rariyar da ke cikin kunnen ɗan lakwal

Kalmar da muke kiran malamin lakwal da ita, wato mushe, daga monsieur ta fito. Kakanninmu sun ji ta a bakin Nasara, suka maimaita abin da kunnensu ya ba su. Wasalin eu babu shi a Hausa, sai ya koma e, kuma a Hausa s takan zama sh a gaban e, kamar yadda kasa take ba da kashe. Haka service ya zama sarushi, vélo ya zama belo, France ta zama Faransa, don harshenmu ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ƙa'ida yake bi. Amma lakwal ta yi shekaru da dama tana ɗaukarsu taurin kai, tana hukunta yara a kansu.

Dattawan da suka yi karatu zamanin mulkin mallaka, har da waɗanda suka shiga bayan 1960, sun san sambol: ɗan ƙashi ko guntun icce da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a farfajiyar lakwal. Shi kuma sai ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Tunanin da ke bayan wannan al'ada shi ne harshen gida cikas ne, in an toshe shi Faransanci zai shiga da kyau. Abin da ke ba ni mamaki shi ne a daidai waɗannan shekaru masana furuci a Turai sun riga sun gano inda matsalar take.

A 1931 wani masani ɗan Rasha, Polivanov, ya lura cewa mutumin Japan in ya ji kalmar drama, dorama yake ji. Ba a baki kawai yake ƙara wasalin ba, tun daga kunne yake jin sa. Wani ɗan Rasha kuma, Trubetzkoy, wanda ya koyar a Biyana, ya kawo misalin da ya zauna har yau a littafinsa da ya fito a 1939, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. Ya kwatanta tsarin sautin harshen uwa da rariya: duk maganar da mutum ya ji sai ta bi ta cikinta, bambancin da ke da amfani a harshensa ya tsaya, sauran ya zube. Yaron da ya ce ti maimakon tu, ko ya haɗa pont da fond, rariyarsa ce ke aiki yadda aka saƙa ta.

Nasara ma da tasu rariyar suka zo. Kunnen Bafaranshe bai raba ɗ da d ba, bai raba ƙ da k ba, shi ya sa Maraɗi ta zama Maradi a taswira, Ƙwanni ta zama Konni. Gari na zama da gari na tuwo, waɗanda ko yaron goye ya kusa raba su da tsawon wasali, baƙo yakan yi watanni yana fama da su. Ban taɓa jin an rataya wa kumandan sambol ba.

Sai a 1984 aka auna lokacin da rariyar ke saƙuwa. A Kanada, Werker da Tees sun gwada jariran da ake reno cikin Ingilishi da sautukan wasu harsuna biyu, ɗaya na Indiya, ɗaya na ƴan asalin Kanada mai baƙaƙe masu kama da ƙ ɗinmu. Jariran wata 6 zuwa 8 sun raba sautukan. Na wata 10 zuwa 12, akasarinsu sun daina. Ke nan yaron da ya shigo ajin farko yana shekara shida ko bakwai, kunnensa ya daɗe da zama na Bahaushe, kuma ba sambol ɗin da zai warware wannan. Abin da ke aiki shi ne a sake koya wa kunnen ji. Petar Guberina na Zagreb, wanda ya yi aiki da yara kurame tun shekarun 1950, a kan haka ya gina hanyarsa ta gyaran furuci: a fara da ji, baki ya biyo baya.

Binciken James Flege a Amurka ya ƙara wani abu da ya kamata iyaye su sani. A 1987 ya auna furucin Amurkawan da suka daɗe a Paris, ya tarar da cewa hatta t ɗinsu na Ingilishi ya karkata wajen na Faransanci. Mai harshe biyu, sautukan harsunansa zaman gida ɗaya suke yi, kowane yana shafar ɗan'uwansa. Uban da ya hana Hausa a gida don Faransancin ɗansa ya fito tas, yana neman abin da ko manyan da suka yi shekaru a Paris ba su samu ba, kuma kuɗin da zai biya shi ne hirar yaron da kakarsa.

Hausarmu ta Nijar ma an yi nazarinta. Claude Gouffé ya rubuta a kan kalmomin da muka aro daga Faransanci, Bernard Caron ya fitar da littafi a kan Hausar Adar a 1991. Irin wannan aiki yana da amfani a aji, don rariyar ɗan Tawa ba ɗaya take da ta ɗan Kano ba. Wanda ke cewa tahi da hwara, matsalarsa da f ta Faransanci daban ce. A wani gefen kuma ya ci riba, domin j ɗin da ake furtawa a yawancin Hausar Nijar ya yi kusa da na jour, abin da ke wahalar da makwabtanmu na kudu.

Ƙasar nan ta gwada shigar da wannan ilmi lakwal. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa, Faransanci ya shigo sannu a hankali. Daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Dokar ilmi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa tare da Faransanci. Sai dai kalmar gwaji ta manne wa waɗannan makarantu shekaru da yawa, mafi yawan yara kuwa suka ci gaba da shiga aji inda ake fara musu da harshen da ba su taɓa ji ba. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

A ganina wannan sauyi zai tsaya a takarda muddin makarantun horar da malamai ba su koya wa sabon mushe jera sautukan harsunan biyu gefe da gefe ba. Aikin bai fi ƙarfin kowa ba. Malamin da ya san Hausa ba ta raba p da f zai fara da sa yara su saurari pont da fond, su ɗaga hannu in sun ji na farko, kafin ya nemi kowa ya furta. Don wasalin tu, zai ce su riƙe i, su tsuke leɓe kamar za su hura wuta, harshe yana nan inda yake. Minti biyar a kowace safiya ya isa, kuma da Hausa zai yi musu bayanin.