Shirin Shiga Makaranta da Alhakin Unguwa: Darasi daga Kanada da Ostareliya

An daɗe ana auna shirin yaro na shiga makaranta da abin da ya haddace, wato ƙirga da haruffa. Binciken da aka soma a Kanada a ƙarshen shekarun 1990 ya mai da tambayar kan al'ummar da ta raine shi. A Jami'ar McMaster, Dan Offord da Magdalena Janus suka tsara ma'aunin EDI, tambayoyi 103 da malamin ajin share fage ke amsawa kan kowane ɗalibi, a fannoni biyar: lafiyar jiki, zama da mutane, natsuwa, harshe da tunani, sai iya magana da sanin yau da kullum. Ana tambayar malami ko yaron ya iya riƙe fensir, ko yakan zo aji da yunwa, ko yakan kai ɗauki in wani ya ji ciwo. Ƙarfin tsarin yana wuri guda: ba a yanke wa yaro ɗaya hukunci da sakamakon, bisa unguwa ake tattara shi.

Da wani mai bincike, Clyde Hertzman, da abokan aikinsa suka zana sakamakon a taswirar birnin Vancouver, sai ratar da ke tsakanin unguwanni ta fito fili. Raunin shirin shiga makaranta ya fi kauri a unguwannin talakawa, amma in lissafin kawuna ake yi, yara masu rauni sun fi yawa a gidajen masu matsakaicin hali, saboda su ne suka fi yawa a gari. Ke nan shirin da aka keɓe wa matalauta kaɗai zai tsallake yawancin mabuƙata. Ostareliya ta ɗauki ma'aunin a faɗin ƙasa a 2009, tana maimaitawa duk shekara uku, inda kashi 23.6 cikin ɗari na yaran da aka auna suka nuna rauni a fanni ɗaya ko fiye a karon farko, kashi 22 a 2012.

Masu suka na cewa idon malami na iya son kai, musamman kan yaron da harshen gidansu daban yake da na aji. Gaskiya ne, shi ya sa bai halatta a tantance mutum ɗaya da shi ba; amma idan aka haɗa ɗaruruwan yara da malamai da dama, tasirin kuskuren malami guda yakan ragu. Wasu kuma na tsoron taswira za ta ɓata wa unguwa suna. Ai ratar tana nan ko ba a zana ta ba, ɓoye ta kuwa masu rabon kasafi kawai yake sauƙaƙa wa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ma'aunin ba ya ganin yaron da bai taka aji ba, kuma nan ne Nijeriya ta bambanta, domin ba kowane yaro ke shiga aji ba. Binciken MICS na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF gida-gida yake bi yana tambayar uwaye, sai dai alƙalumansa galibi a matakin jiha suke tsayawa. Abin ɗauka daga Kanada shi ne ƙanƙantar yankin da ake aunawa: a riƙe hanyar gida-gida, a sauko da ita zuwa mazaɓa, inda mai unguwa da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi za su san yaran da ake magana a kansu.