Abdullahin Gwandu: Malamin da Ya Bar Runduna Domin Ya Tsira da Zuciyarsa

A shekarar 1807 rundunar jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta kama hanyar Alƙalawa, babban birnin Gobir. Ana cikin tafiya sai ɗaya daga cikin manyan jagororinta ya ware. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, wanda ya ja ragamar yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, ya ɗauki 'yan abokan tafiya kaɗan ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Babu wanda ya kore shi. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne yadda nasara ta fara sauya zukatan mutanensa.

An haifi Abdullahi a wajajen 1766. Ya fara karatu a gaban mahaifinsu, sannan aka miƙa shi ga yayansa Usmanu yana ɗan shekara goma sha uku. A hannunsa da hannun wasu malamai, ciki har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya ƙware a nahawu da fiƙihu da tafsiri, ya kuma shiga ɗariƙar Ƙadiriyya.

Ƙasar Zamfara ce ta fara gwada wannan ilimi. Bayan Gobirawa sun rushe Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga gari zuwa gari kafin daga baya ya zauna a Anka. A cikin wannan yanayi na tarwatsewa ne Shehu da almajiransa suka shafe kimanin shekara biyar suna yawon wa'azi a ƙasar, tun daga wajajen 1786. A nan wani malami daga Barno, Mustafa Goni, ya soki yadda mata ke halartar wa'azin tare da maza. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba da amsa, ya kuwa bayar a waƙe. Hujjarsa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi muni a kan abin da ake gudu. Tun yana saurayi ke nan ya nuna cewa karatunsa na talakan ƙauye ne, mace da namiji.

Zamfara ta sake karɓar jama'ar a 1805, bayan mummunar asarar da suka yi a Tsuntsuwa. Daga Sabon Gari ne Abdullahi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a wannan shekara. Ganima ta samu, dawaki da bayi da gidaje suka yawaita. Shekara biyu bayan haka ya bar runduna. A littafinsa Tazyinul Waraƙat ya bayyana dalili: da yawa daga cikin abokansa na farko sun mutu a fagen fama, waɗanda suka maye gurbinsu kuma hankalinsu ya karkata ga mulki da tara dukiya da neman muƙami. Bai cire kansa daga zargin ba, domin ya ji tsoron cutar ta kama shi.

Domin fahimtar wannan tsoro, sai an duba abin da yake karantarwa. A littattafansa na tasawwufi, irin su Sabilun Najati da Maɗiyyatuz Zadi, ya bi sawun Imam Gazali wajen ɗaukar zuciya a matsayin wurin da aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci. Cututtukanta sanannu ne: riya, hassada, girman kai, jiji da kai, da kwaɗayin duniya. Maganinsu kuma horo ne na kullum, wato tuba, yawan zikiri, rage ci da barci da surutu, keɓewa lokaci zuwa lokaci, da yi wa kai hisabi kafin a kwanta. Wanda ya saba da irin wannan bincike yakan hango ɓarna tun tana ƙarama, a lokacin da sauran jama'a ke murnar nasara.

Masu karatu da yawa a yau sun fara jin batun horar da hankali ne daga littattafan waje, musamman na Thich Nhat Hanh, malamin addinin Buda ɗan ƙasar Biyetnam da ya rasu a 2022. Yaƙin ƙasarsa ya sa shi fita daga ɗakin ibada zuwa agajin ƙauyuka, abin da ya jawo masa zaman gudun hijira na shekara 39. Aƙidarsa da ta Abdullahi sun yi hannun riga, amma tambayar da ta tsaya a gabansu iri ɗaya ce: mai koyar da natsuwa ya guji rikicin duniya ne, ko ya shiga ciki?

Kano ce ta ba Abdullahi amsa. Da ya isa can, jama'ar birnin suka roƙe shi ya tsaya ya nuna musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya zauna ya karantar da tafsirin Alƙur'ani, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya fasa tafiyar ya koma gida. A 1812 Shehu ya damƙa masa kula da yammacin daula. Bayan rasuwar Shehu a 1817, sarautar Musulmi ta koma ga Muhammadu Bello, dangantaka ta yi sanyi tsakanin baffa da ɗa, har sai da yaƙin Kalambaina ya haɗa su Abdullahi ya yi mubaya'a. Daga nan ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu a Gwandu har rasuwarsa a wajajen 1829. Babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, har yau ana karanta shi a zaurukan malamai.

Yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum da Gummi, ya san abin da dukiya marar linzami ke haifarwa. A 2010 gubar dalma daga sarrafa zinariya ta kashe yara sama da 400, mafi yawansu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga baya kuma 'yan bindiga suka raba dubban manoma da gonakinsu. Gyaran wannan yana buƙatar doka da tsaro da asibiti, kuma duk waɗannan mutane ne ke riƙe da su. Abdullahi ya rubuta wa masu mulki littafin doka, ya rubuta wa kowa littafin gyaran zuciya, domin ya ga da idonsa yadda na farko ke lalacewa idan babu na biyu. Alƙali da jami'in gwamnati da ɗan majalisa da ke wakiltar waɗannan garuruwa su ne suka fi kowa buƙatar hisabin da ya yi wa kansa a kan hanyar Alƙalawa.