Buroshet: ma'anar kalmar da yadda ake amfani da ita

Buroshet kalma ce da Hausar Nijar ta aro daga Faransanci, tana kuma nufin gutsattsarin nama da aka jera a tsinke aka gasa a kan garwashi.

A mafi yawan garuruwan arewacin Najeriya ba a san ta ba, domin tsire ne sunan da kowa ya tashi da shi. Amma a yankin Illela na jihar Sakkwato, wanda ya ƙunshi garuruwa irin su Garu da Araba da Kalmalo, kunne ya saba da ita, saboda Birnin Ƙonni na jihar Tawa yana 'yan kilomitoci kaɗan ne a ƙetaren iyaka.

Asalin kalmar

A Faransanci ana rubuta ta brochette. Tushenta shi ne broche, wato dogon ƙarfen da ake soke nama da shi a riƙa juyawa a kan wuta. Ɗafin -ette da ke ƙarshe yana nuna ƙanƙanta ne, don haka ma'anarta ta farko ita ce ɗan ƙaramin tsinke. Daga baya sunan ya koma kan naman da tsinken ke ɗauke da shi.

Da yake Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu irin b da r a jere, sai masu magana suka cusa wasali a tsakani. Haka aka yi wa burodi da birki da aka aro daga Ingilishi. Kalmar ba ta da tsayayyen rubutu, kuma lafazinta kan ɗan sauya daga baki zuwa baki. Ba ta da wata dangantaka ta ma'ana da buroshin goge haƙori, duk da kamar da suka yi.

Yadda ta iso bakin iyaka

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka raba wannan yanki, aka kuma kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ƙonni ta faɗa hannun Faransawa, Illela kuma hannun Turawan Ingila.

Tun daga nan al'umma guda mai harshe guda ta riƙa ɗebo baƙin kalmomi daga rijiyoyi biyu. Abin da mutumin Illela ke kira kwastan, shi ne duwan a bakin mutumin Ƙonni. A can kuma makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe. Buroshet na cikin wannan rukuni, sai dai ita ta hanyar kasuwa da gidajen abinci ta shigo, ba ta hanyar ofis ba.

Fataken dabbobi da direbobi da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu su ne ke ɗauke da ita zuwa ɓangaren Najeriya.

Bambancinta da tsire

Wasu kan ɗauka buroshet sunan tsire ne kawai da Faransanci. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin mai jin Faransanci a Yamai zai iya kiran kowane naman tsinke da wannan suna. To amma a wajen mahauta akwai 'yar tazara.

Naman tsire ana fere shi ne fale-fale, a tsire shi, a barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji, sannan a kafa tsinkayen a kewayen wuta a kan tukuba. Buroshet kuwa galibi ƙananan curi-curi ne, ana ɗora su a kan raga bisa gawayi, a ci da albasa da yaji, sau da yawa a cikin dogon burodin nan na Faransawa.

Balangu da kilishi ba sa shiga ƙarƙashin wannan suna, tunda ba a tsinke ake sayar da su ba.

Abin lura ga matafiya

Kalmar tana bayyana yadda aka gasa abu ne, ba ta faɗin irin dabbar da aka yanka. A Faransa da wasu ƙasashen da ke amfani da Faransanci, akan yi buroshet da kaza ko kifi ko kayan lambu, har ma da naman alade. A Ƙonni da Maraɗi, inda mahauta Musulmi ne, na sa ne ko na rago ko na akuya. Amma Musulmin da ya ga sunan a takardar abinci a Paris ko Kwatano, ya kamata ya tambayi naman mene ne, da kuma yadda aka yi yankan.

Makomar kalmar

An rufe iyakar Illela daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A 2025 kuma hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki.

Sai dai kalmar da ta riga ta zauna a bakin mahauta da masu saye ba doka ce ke tayar da ita ba. Aron ma ba gefe guda yake bi ba: kalmar suya ta Hausa ta samu shiga babban ƙamus ɗin Ingilishi na Oxford, yayin da a Kamaru masu jin Faransanci ke kiran gasasshen naman tsinke soya.