Tarihin Faifan Fish da Rumbun Aminet

Kwamfutar Amiga, wadda kamfanin Commodore ya fitar a Amurka a 1985, ta samu masoya masu rubuta manhajoji don sha'awa suna rabawa kyauta. Rubutawar ba ta ba su wahala kamar sanar da jama'a cewa abu ya fito. A 1986 wani mai tsara manhaja ɗan Amurka, Fred Fish, ya fara tattara waɗannan ayyuka a kan faifai masu ɗaukar kilobait 880, yana ba kowane faifai lamba. Kulob-kulob na masu kwamfuta suna kwafa, wasu kuma ana aika musu ta gidan waya, har jerin ya kai faifai 1000 a 1994. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne ɗan bayanin da Fish ke rubuta wa kowace manhaja: aikinta, wanda ya rubuta ta, fitowa ta nawa ce, da faifan da tsohuwar ke ciki. Wannan bayani shi ne sanarwar, kuma a ganina shi ne ainihin gadon da ya bari.

Da intanet ta yaɗu a jami'o'i, Urban Müller, ɗalibi a Suwizalan, ya ɗauki nauyin wani rumbun manhajojin Amiga a Zurich a 1992, wanda ya zama Aminet. Ƙa'idarsa ita ce duk fayil ɗin da za a ɗora, galibi a dunƙule da manhajar matse fayiloli ta LhA, sai ya zo da gajeren bayani mai fasali ɗaya: taƙaitawa a layi guda, marubuci, wanda ya ɗora, da rukunin da ya dace. Daga nan na'ura ke fitar da jerin sababbin abubuwa, kuma kwamfutoci a ƙasashe daban-daban suna kwafar rumbun gaba ɗaya. Commodore ya durƙushe a Afrilun 1994, amma Aminet na karɓar fayiloli har yau.

Wani zai ce intanet ce ta yi aikin, tsari kuwa ado ne. Sai dai wurin ajiya kaɗai ba ya gaya wa mutum wace fitowa ce ta ƙarshe ko wa zai kai wa ƙorafi. Fayil marar bayani yana nan, amma mai nema ba zai gane shi ba. Suka mafi ƙarfi ita ce Fish yana zaɓe, Aminet kuwa ya buɗe ƙofa, tsaba da ƙaiƙayi suka haɗu. Gaskiya ne, an yi asarar idon mai tacewa, kuma ba ƙaramar asara ba ce. Amma mutum ɗaya ba zai iya duba abin da dubban marubuta ke aikowa ba, kuma da yake kowane fayil na ɗauke da sunan mai shi, tacewar ta koma hannun masu amfani da kuma mujallun Amiga da ke zaɓo wa masu karatunsu abin da ya fi inganci.