Pete Cashmore Da Noman Gonar Aro

Mai karatu, a wajenmu Tsanyawa mutane sun fi gonaki yawa, shi ya sa kowa ya san zafin gonar aro. Ka yi ta jigilar taki a kan jaki, ka shekara uku kana gyara ta, ranar da gero ya fara kyau sai mai ita ya aiko yana son abarsa. Wannan shi ne abin da ya faɗo mini a rai lokacin da na bi tarihin wani Bature mai suna Pete Cashmore.

An haife shi a shekarar 1985 a Banchory, wani ɗan ƙaramin gari kusa da Aberdeen a ƙasar Sikotlan. Yana ɗan shekara 13 aka yi masa aiki a ciki, jinya ta yi tsawo har ta taɓa karatunsa, sai ya zamana ba shi da abokin hira irin kwamfuta. A shekarar 2005, yana da shekara 19, ya buɗe shafin Mashable daga ɗakin kwanansa a gidan iyayensa, yana kawo labarin sababbin abubuwan intanet irin su MySpace da Facebook. Da yake yawancin masu karanta shi suna Amurka, sai ya mai da dare rana, ya kwana yana rubutu, gari ya waye ya kwanta.

A daidai wannan zamani mu nan ko shekara biyar wayar salula ba ta yi a hannunmu ba, domin sai a 2001 layin GSM ya shigo Nijeriya. Ni kaina a shafin Baban Sadiq na jaridar Aminiya na fara fahimtar mene ne intanet da harshen Hausa.

Shi kuwa Cashmore kasuwa ta yi masa kyau. Masu karatu suka kai miliyoyi, 'yan talla suka biyo su da kuɗi, ya buɗe ofis a New York, har mujallar Time ta sa shi cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya a 2012. Zuwa 2016 an kimanta kamfanin a kan dala miliyan 250.

To amma fa a nan gizo ke saƙar. Da yawan masu karatun ta ƙofar Facebook suke shigo masa, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin talla aljihun Facebook da Google yake tafiya. Da aka ga kasuwa ta karkata ga bidiyo, a 2016 ya sallami ma'aikata da dama ya koma can, amma haƙa ba ta cim ma ruwa ba. A watan Disamba na 2017 kamfanin Ziff Davis ya saye Mashable a kan kimanin dala miliyan 50, wato kashi ɗaya cikin biyar na waccan daraja. A 2018 ya bar gidan da ya gina da hannunsa.

Abin da ya sa labarin ya tsaya mini shi ne mu marubuta. A da, na kan kai littafina kasuwar Sabon Gari a Kano, in ƙirga kwafina, in san abin da ya rage a buhu. Yau kusan dukkanmu a WhatsApp da Facebook muke zuba labaranmu, masu karatunmu kuma suna hannun wanda bai san da zamanmu ba. Mun ga yadda OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka sa littattafansu, ya rufe a watan Nuwamba na 2023.

Ban ce a daina noma a gonar aro ba, domin wanda ba shi da tasa dole ya ara. Amma 'yan uwana marubuta, kowa ya adana kwafin aikinsa a wurinsa, ya buga a takarda in da hali, ya kuma san masu karatunsa ta hanyar da ba ta hannun wani. Iyayenmu dai ba sa barin iri a gonar aro, a rumbun gida suke ajiye shi.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.