Maƙalewar Madanni A Obin: Musabbabinta Da Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Maƙalewar madanni na daga cikin matsalolin da tanderun lantarki na zamani, wanda aka fi sani da obin, kan fuskanta. Alamarta ita ce obin ya riƙa ƙara ba ƙaƙƙautawa, wasu haruffa da lambobi su bayyana a fuskarsa, sannan ya ƙi karɓar kowane umarni. Ga matan da sana'ar kek ko fanke ko biredi ke riƙe da gidajensu, tsayawar obin na yini guda na nufin asarar ciniki da ɓacin ran masu oda.

Ma'anar lambobin

Kowane kamfani da irin lambar da yake nunawa. A obin ɗin Frigidaire ana ganin F11, a na GE kuwa F7, yayin da na Samsung kan nuna SE ko C-d0. Wasu kan karanta SE a matsayin 5E saboda kamannin haruffan a fuskar na'urar. Duk saƙon ɗaya ne: ƙwaƙwalwar obin ta ga kamar an danne wani madanni an ƙi saki. Da gangan aka tsara ta ta dakatar da aiki a irin wannan hali, domin kada obin ya kunna kansa ko ya ƙara zafi babu mai kula da shi.

Abin da ke haddasa ta

Madannan da yawancin obin ke ɗauke da su siraran ledoji ne biyu da aka shimfiɗa wa layukan da wuta ke bi, da ɗan tsakani a tsakaninsu. Idan aka danna, sai layukan su haɗu, saƙo ya bi ta wata faffaɗar waya zuwa allon sarrafawa. Tururin girki, maiƙo, ruwan wanki da aka fesa kai tsaye, ko zafin shekaru na iya sa ledojin su manne, ko kuma bakin wayar ya yi tsatsa. A obin mai fuskar gilashi da ake shafawa, ɗigon ruwa, maiƙo ko tsumman da aka rataya a kai ya isa ya jawo matsalar. Damshin damina da kyankyasai masu shiga cikin allo su ma kan taka rawa.

Matakan da mai gida zai iya ɗauka

Da farko a tabbatar ba makullin yara ne aka kunna ba, domin shi ma yana hana madannai aiki, kuma sau da yawa yana nuna LOC ko hoton kwaɗo. Daga nan a cire obin daga soket, ko a kashe makunnin layinsa, a bar shi kimanin minti biyar. A goge fuskar da tsumma mai ɗan damshi, a bi da busasshe, sannan a danna madannan ɗaya bayan ɗaya don gano wanda ya lotsa ko ya ƙi dawowa. Idan bayan wanki ko dafuwa mai yawan tururi matsalar ta fara, barin obin a kashe ya kwana a wuri mai iska kan wadatar. Ba a zuba masa ruwa, ba a kuma tsokanar madanni da wuƙa ko allura.

Gwajin da ke raba gardama

Idan lambar ta dawo, aiki ya koma hannun mai gyara. Bayan ya kashe wuta, zai zare faffaɗar wayar daga allon sarrafawa, ya goge bakinta da sifirit, ya mayar da ita daidai. Idan hakan bai yi ba, sai ya sake zare ta, ya maido da wuta, ya jira 'yan mintuna. Rashin bayyanar lambar maƙalewar na nuna cewa madannan ne suka lalace. Dawowarta alhali wayar na zare kuwa na nuna allon sarrafawa ne ke da laifi. Wannan gwaji na da muhimmanci ga aljihun mai obin, domin allon ya fi madannai tsada, don haka yana da kyau a nemi a yi shi kafin a biya kuɗin kowane kaya. A wasu samfura an haɗe su biyun wuri guda, dole a sauya su tare. Lambar samfurin, wadda galibi ke manne a gefen ƙofa ko bayan obin, ita ake kaiwa kasuwa.

Gargaɗi

Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana da kafasito da ke iya riƙe wuta mai kusan bolt 2,000 ko bayan an cire ta daga soket, saboda haka ƙwararre kaɗai ya kamata ya buɗe ta. Haka kuma wutar Nijeriya bolt 230 ce, alhali ƙananan kayan girkin da aka ƙera domin Amurka na amfani da 120, don haka a duba rubutun da ke jikin na hannu kafin a jona shi. Obin ɗin da ke kunna kansa kuwa, a bar shi a cire har sai an gyara. Wanda garantinsa bai ƙare ba, a mayar da shi wurin dillali ba tare da an kwance shi ba.